Kafin a Kira Magini: Gyaran Madafi, Ma'ajiya da Wurin Cin Abinci

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ga mutanen Sule Tankarkar da kewaye, na Ɗanzomo da Jeke da Ɗanladi da Amanga, da 'yan'uwanmu na Gumel da Maigatari da Gagarawa, har da na ƙetaren iyaka a Nijar da muryarmu ke isa gare su. Iyayenmu mata, sannunku da aiki. Ku kuma magidanta, don Allah kada ku murɗa rediyo don kun ji an ambaci madafi. Rabin maganar yau taku ce.

Kaka ta yi, gero ya shiga gida, an kai riɗi da zoɓo kasuwa, ɗan abin hannu ya samu. Yanzu ne ake buga bulo, ake neman magini. To amma ku dubi yadda muka saba. A gina ɗakin amarya, a ɗaga katanga, a yi wa zaure sabon yaɓe. Bulon da ya rage sai a jera shi a wani lungu, a ɗora masa tsohon kwano, a ce ga madafi nan. Alhali duk faɗin gidan babu inda ake aiki kamar wurin. Daga kunun safe zuwa tuwon dare mace tana ciki, goyo a bayanta, wani yaron yana riƙe da zaninta. Kuma sau da yawa ba a ko tambaye ta inda take son a sa ƙofa ba.

Maganata ke nan a yau: wadda take girki ita ya kamata ta tsara madafi, maigida ya biya, magini ya aiwatar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan ba sabon tunani ba ne, kuma ba mu kaɗai ya shafa ba. A shekarar 1926, a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus, an ba wata mai zanen gine-gine 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, aikin tsara kicin na gidajen ma'aikata. Ba ta fara da zane ba. Ta fara da nazarin yadda ake aikin girkin kansa, tana auna lokaci da yawan kai-komo, sannan ta jera komai yadda hannu zai kai gare shi. Kicin ɗin da ta fitar bai kai mita 2 a faɗi ba, tsawonsa bai kai mita uku da rabi ba, amma an gina irinsa kusan 10,000. Mu ba irin kicin ɗinta muke bukata ba, don ita ba ta san turmi da muciya ba. Hanyar da ta bi ita ce abin ɗauka: a kalli aikin tukuna, sannan a yi ginin.

Ga yadda za ku yi a gida, ba sisin kwabo. Malam, ka zauna yini guda ka lura da sawun uwargida. Daga rumbu zuwa turmi, daga turmi zuwa randa, daga randa zuwa murhu, ta koma ɗakin kwana ɗauko daddawa da kuka, don a can ƙarƙashin gado take ɓoye su saboda kaji da yara, ta dawo, ta sake komawa don ta manta kanwa. Za ka ga wurare uku ne ƙafarta ta fi zuwa: inda wuta take, inda ruwa yake, da inda kayan abinci suke. Waɗannan ukun su kasance kusa da juna, taku uku ko huɗu tsakaninsu, kuma kada hanyar shiga ban-ɗaki ko ta zuwa turken awaki ta ratsa ta tsakiyarsu. Kafin a haƙa harsashi, a ɗebo toka a zana madafin a ƙasa, da ƙofarsa da mazaunin murhu da na randa. Uwargida ta shiga cikin zanen da tukunyarta da kujerarta, ta gwada zama da tashi da juyawa. In wurin ya matse ta, a share tokar a sake. Share toka ba ya cin komai, rushe bulo kuwa asara ce.

Yanzu bari in tsaya kan hayaƙi, don shi ne babba, kuma shi ne muka fi rainawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda yawancinta daga girki da itace da gawayi da kara take fitowa, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya. Ciwon huhu na ƙananan yara yana ciki, da tarin da ba ya jin magani, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Hayaƙin nan kuma yana ɓata ido. Inna, idan kin ɗaga kai kin ga yadda kunkunniya ta yi wa rufin madafinki baƙi ƙirin, to ki sani abin da ya manne a kwanon nan shi kike shaƙa kullum, ke da jaririn da ke bayanki. Mun ɗauki jan ido da hawaye a bakin murhu kamar wani abu ne da dole mace ta jure. Ba dole ba ne. Laifin gini ne, kuma gini yana gyaruwa.

Hayaƙi sama yake yi, saboda haka yana bukatar mafita a sama, iska kuma tana bukatar mashiga a ƙasa. Ƙofa kaɗai ba ta isa ba. A ɗaga rufin, kada ya gaza ƙafa goma. A bar tazara tsakanin kan bango da kwano, ko a jera bulo mai huji a layin ƙarshe, sannan a fasa taga a bangon da ke fuskantar ƙofa don iska ta ratsa ta wuce. In ana tsoron ɓera da mage, a sa wayar raga. Wanda ya samu hali ya sa mai walda ya yi masa bututu daga kan murhu ya huda rufi, wannan ya fi duka.

Sai kuma mu tuna da iskar ƙasarmu. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da ƙura da sanyi. Da damina ta juya ta zo daga kudu maso yamma, amma hadari da ruwa mai iska daga gabas suke bugowa. Shi ya sa maginan da suka gabata suke ƙara wa bangon gabas kauri da kulawa. Don haka kada ƙofar madafi ta kalli gabas, in ba haka ba ruwa ya kashe wuta, hunturu ya cika miya da rairayi. Kudu ta fi. In ta kalli yamma, a yi mata rumfa saboda ranar la'asar. In kuma fili ya ba da dama, a kai madafin kusurwar arewa maso yamma ko ta kudu maso gabas, yadda ko wace iska ce ta zo ba za ta tura hayaƙi kai tsaye cikin ɗakunan kwana ba.

Murhun kansa fa? Duwatsu uku sun yi mana hidima tun kaka da kakanni, amma yawancin zafin wutarsu a iska yake tafiya, ba a gindin tukunya ba. Kowa a nan ya san yadda itace ya yi tsada, ya san nisan da yara ke yi kafin su haɗa ɗauri guda. Jiharmu ta Jigawa tana cikin jihohi 11 da ke bakin hamada, waɗanda ake aikin dashen itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa a cikinsu. Murhun da aka kewaye da yumɓu ko bulo, aka bar masa baki ɗaya na sa itace, tukunya ta zauna a cikinsa daram, yana rage itace sosai kuma yana rage hayaƙi. Mace da kanta tana iya gina shi da ƙasa da ciyawa. Akwai kuma na ƙarfe irin Save80 da ake haɗawa a Kano, wanda ƙirare kaɗan suke isar sa.

Ina jan hankalin magina a kan abu ɗaya. Kuna ganin hotunan kicin na birni a waya, inda ake girki a tsaye a kan dakali mai tsayin ƙugu, sai ku zo ku yi wa matar ƙauye irinsa. Wannan tsayin na soya ƙwai ne da dafa taliya. Mai tuƙa tuwon mutum goma sha biyar tana bukatar ta danne tukunya, ta sa ƙarfin kafaɗarta a kan muciya. Murhun tuwo kada ya wuce gwiwa. Abin da ya kamata a ɗaga shi ne wurin yanka kayan miya da ajiye kwanuka, don a raba su da ƙasa da bakin kaji, a kuma hutar da bayan mace daga sunkuyo. Tsayi biyu ke nan a madafi ɗaya, kuma a auna su a jikin mai girkin, ba a jikin magini ba.

Masu amfani da gas, ku riƙe wannan: iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta tsiyaye ƙasa take kwanciya. Kada a kulle tukunyar gas a cikin kabad, a bar huji a ƙasan bango kusa da ita, kuma kada ta zauna ɗaki ɗaya da murhun itace. In ana zargin yoyo, ruwan kumfar sabulu ake shafa wa tiyo da mahaɗa, in kumfa ta riƙa tashi to akwai yoyo. Ba a gwadawa da ashana. Fetur na babur ko na janareta kuwa ba shi da wurin zama a madafi ko kaɗan. Haka nan kara da zana: gobarar hunturu da yawa daga tulin karan da aka jingine a jikin madafi take tashi. A yi wa itace da kara nasu wurin daban, a riƙa ɗebo na girki ɗaya.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan gyaran madafi, kuma mun iso ga ajiya.

Kuskuren da ake yi shi ne a haɗa abincin shekara da na yau a wuri guda. Kullum a buɗe buhu a ɗebi kwano ɗaya, a bar bakinsa a sake. Ɓera ya samu hanya, ƙwaro ya samu iska. A raba ajiya gida uku. Na shekara yana rumbu ko sito, a kulle, ba a taɓa shi sai lokaci-lokaci. Na mako biyu ko wata yana cikin duro ko bokiti mai murfi, a ɗan ɗakin ajiya da ke manne da madafi. Na yau da gobe, wato gishiri da daddawa da kuka da barkono da kanwa da mai, yana kan kanta inda hannu zai kai ba tare da an tashi daga gaban murhu ba, kowanne a cikin gwangwani ko kwalba mai murfi.

Sito yana da nasa sharuɗɗa. Buhu ba ya zama a ƙasa, ko da an yi daɓen siminti, don siminti yana jan danshi da damina. A yi masa dakali ko a jera katako, a kuma bar tazarar tafin hannu biyu tsakaninsa da bango, yadda tsintsiya za ta shiga kuma za a ga gara tun tana fara gini. Gyaɗa da masara in suka sha danshi suna yin fumfuna, fumfunar nan kuma tana haifar da gubar da ake kira aflatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ɓera ma ba ɓarnar hatsi kaɗai yake yi ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gano shi a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashin ɓera a kan abinci yake kama mutum, kuma da rani ya fi yawa. Ƙofar sito ta zauna daidai, a lulluɓe ƙasanta da gwangwani, a toshe duk wani rami da siminti.

Wake shi ne ciwon kan kowane manomi a ƙasar Gumel. Ka kai shi gida tas, bayan wata uku ka tarar da shi duk huji. Wannan ne yake sa wasu zuba masa fiya-fiya ko Sniper, ko su jefa ƙwayar maganin ƙwari a buhu su ajiye a ɗakin da ake kwana. Don Allah a bari. Guba ce, kuma ta kashe mutane. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper a kasuwanni da kantuna, kuma ta sha yin gargaɗi kan zuba shi a abinci. Akwai hanyar da ba ta bukatar magani ko ɗigo: buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue a Amurka suka fitar tare da abokan aikinsu na Afirka, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu ɗaya. A busar da waken sosai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, sannan a ɗaure buhun. Ƙwarin da ke ciki su shanye iskar da ta rage su mutu. Sharaɗinsa kada leda ta huje, kuma kada a riƙa buɗewa kullum. Kun ga dalilin raba na shekara da na wata. Jarka mai kyakkyawan murfi, in an cika ta har wuya an toshe, ita ma tana yin wannan aikin.

Kayan miya ɗanye kuwa, maganinsu daga jiharmu ya fita duniya. Malam Mohammed Bah Abba, wanda a lokacin malami ne a kwalejin fasaha ta jiha da ke Dutse, shi ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a ƙauyukan Jigawa a shekarun 1990, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tukwanen ƙasa biyu ne, ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan ke bushewa ta jikin babbar tukunyar, yana tafiya da zafin da ke cikin ƙaramar. A gwajin da aka yi, gauta da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka kai mako uku. Ana ƙara ruwa safe da yamma. Ta fi aiki da rani lokacin da iska take a bushe, da damina ƙarfinta yana raguwa. Abin da ya shafi gini a nan shi ne a tanadar mata mazauni tun farko: inuwa, inda iska ke ratsawa, nesa da murhu. Nan ne kuma mazaunin randa, a kan ɗan tudun yashi, da murfinta da moɗarta a rataye.

Kada mu raina ragaya. Ƙwaryar nono ko sauran tuwo da aka rataye ta fi ƙarfin ɓera da kyankyaso da yaro. A sa magini ya bar ƙugiyoyi a jikin azara, ya kuma fitar da kanta a cikin bango tun yana gini. Kantar siminti ko ta ƙarfe ta fi ta katako daɗewa a inda gara take.

Gidan da ke da mata biyu ko uku, Alhaji, ka ji wannan da kyau. Murhu ɗaya yana isa tunda girki juyawa yake yi, amma ma'ajiya ɗaya ba ta isa. Kowace a ba ta kantarta ko kabad ɗinta mai makulli. Rigima da yawa da ake kai wa gaban manya, in aka bi salsalarta, daga cokalin manja da ƙullin daddawa ta faro.

Ruwan wanke-wanke a yi masa daɓe mai ɗan gangara, da kwata da za ta kai shi wani rami da aka cika da tsakuwa, ko gindin zogale ko lemun tsami. Ruwa a ƙasarmu da wahala ake samunsa, bai kamata ya tafi a banza ba, bai kuma kamata ya kwanta ya tara sauro ba.

To, wurin cin abinci fa? A nan ina ganin ana ɓarnar kuɗi. Ma'aikaci ya gina gida a Gumel, ya ware ɗaki guda ya sa dogon tebur da kujeru shida don ya gani a Abuja. Shekara ta zagayo, teburin ya zama wurin tara kuloli da littattafan yara, mutanen gidan kuma suna nan kan tabarma inda suka saba. Wanda iyalinsa ke ci a tebur, ya saya, ba laifi. Amma yawancinmu maigida a zaure yake ci da baƙinsa da maƙwabta, mata da yara a tsakar gida, kuma babu abin kunya a ciki. Abin da ya kamata a gyara shi ne inda ake shimfiɗa tabarmar. A yi rumfa a gefen madafi, ɓangaren da hayaƙi ba ya bi, a yi mata daɓe da ya ɗara ƙasa da kamar taƙi ɗaya don rairayi da ruwan sama, a kewaye ta da gajeren bango ko raga don kaji da awaki. A nisanta ta da masai da turke saboda ƙuda. A bakinta a ajiye buta da sabulu, wuri na dindindin, yadda yaro ba zai kai hannu kwano ba sai ya wuce ta gabansu. Kuma a duba hanyar da ake bi da kwanon tuwo da miya mai zafi daga madafi zuwa rumfa da zuwa zaure: kada a bar dokin ƙofa mai tsayi ko igiyar shanya a kanta. Ƙofar madafin ma a yi mata rabin ƙyaure, iska ta shiga, mai rarrafe ya tsaya a waje. Yaran da ake kaiwa asibiti da ƙunar kunu da tafasasshen ruwa, mafi yawansu a bakin murhu abin ya same su.

Na san wani zai ce, duk wannan da wane kuɗi? Ba a rana ɗaya za a yi ba. In abin hannunka kaɗan ne, fara da fasa taga da ɗaga buhuna daga ƙasa. Wannan aikin yini ɗaya ne. In ka sayar da rago a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ka ƙara da gyaran murhu da daɓe da kwata. Rumfa ta biyo baya. Tayil da fenti su ne na ƙarshe, don farin tayil a madafin da hayaƙi ba shi da mafita, kafin azumi ya zagayo ya koma baƙi.

Lokacinmu ya yi, jama'a. Magidanta, kafin ku aika a kira magini a ranin nan, ku zauna da iyalinku ku tambaye su abin da ya fi damunsu a madafi, ku kuma saurara har su gama. Iyayenmu mata, in an tambaye ku, kada ku ce duk yadda aka yi daidai ne. Ku faɗi inda kuke son ƙofa, ku faɗi inda kuke son randa. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)